Rabin Addu'ar Inna

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi ne, har kaji suka koma akurki, masallacin unguwarmu ya cika da mutane ba lokacin sallah ba. Mu kuma muna tsakiyar azuminmu na Kirista, na kafin bikin Ista. Ina tsakar gida ina gyaran ƙotar shebur sai na ga inuwar dogon yaro tana narkewa, iska ta yi sanyi kamar an buɗe bakin randa. Matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana kallon sama, na ce ta sauke idonta. Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙofar ɗakinta. Yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ba ta rarrabe komai sai haske da duhu. Da ta ga duhu ya sauko, sai ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ɗauko carbinta.

"Kai wanga, zo ka buɗe mani." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Inna, hantsi na hwa. Ko hura ba a dama ba."

"To wa ya kashe ranar?"

"Husuhi na. Yanzu za ta dawo."

"In ta dawo ta iske muna addu'a ai ba ta yi hasara ba. Zo ka buɗe."

Na jingine shebur na zauna gefenta. Kafin mu kai rabi haske ya dawo, zakara ya yi cara, yara suka shigo da gudu suna ba da labari. Ba ta tsaya ba, ni ma ban tsaya ba, sai da muka kai ƙarshe.

Mu Katolika ne. Kakana ya taso daga wajen Zuru yana neman ƙasar noma, ya zauna a wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Gummi, nan aka haifi babana, nan aka haife ni. Gidajenmu ba su da yawa. Cocinmu ɗaki ne na laka da rufin kwano, ni na yi masa yaɓe da siminti, don gini ne sana'ata da rani, noma da damina. Fada, limamin cocinmu, yakan zo daga Gusau in hanya ta yarda. Sauran Lahadi katakis, mai koyar da mu addini, shi ke jan mu. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha, kuma kiran sallar magariba shi ne agogon gidanmu: in ladan ya kira, maƙwabta suka tafi masallaci, mu sai mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin Inna mu ja carbi.

Carbinmu kashi biyar ne, kowane kashi ƙwaya goma. Kowace ƙwaya addu'a ɗaya ce, amma rabi biyu gare ta. Mutum ɗaya ya faɗi rabin farko, wanda ke farawa da "A gaishe ki Maryamu," sauran su amsa da na biyun, mai farawa da "Maryamu mai tsarki." Faɗin rabin farkon nan shi Inna ke kira buɗewa. Ta shiga addini ne bayan aure, ba ta yi makaranta ba, kuma tun ranar farko babana ke buɗewa ita tana amsawa. Da ya rasu sai abin ya dawo kaina. Ba wai ba ta san kalmomin rabin farko ba. Ta ji su fiye da yadda ta ji sunanta. Amma ba ta faɗinsu. Katakis ya taɓa zaunar da ita ya ce mutum ɗaya na iya jan carbi shi kaɗai, ya faɗi duka biyun, haka masu tafiya ke yi, haka marasa lafiya ke yi a asibiti. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, rabin farko gaisuwa ta. Mala'ika ya kawo ta. Ni mai amsawa ta. Ka taɓa ganin wanda ya yi ma kansa sallama ya amsa, in ba mahaukaci ba?"

Katakis ya yi dariya ya ƙyale ta. Ni ma na sa ta gwada wata rana da zan yi tafiya. Ta buɗe baki, sai rabi na biyu ya fito. Ta sake, shi ya sake fitowa. Harshenta ya saba da hanya ɗaya kamar jakin da ya san gida. Don haka in ba wanda ya buɗe mata, to ba ta yi addu'a ba ke nan. Duk gidan mun san haka.

Bayan Ista na gama wa wani ma'aikacin ƙaramar hukuma gini a Anka. Ya sayi sabuwar talabijin, sai ya ba ni tsohuwar da na'urar saka faifai, ya ce yara su gani. Ƙanin matata ya kawo mana ƙaramin janareta da ya daina amfani da shi a shagonsa na aski. Na ɗaura akwatin a bayan babur na rufe shi da bargo kamar mai jinya, muka taho a hankali.

Ba zan ce ban so abin nan ba. Na so shi fiye da yara. A lokacin ban iya karatu ba, sai da gemuna ya fara furfura na shiga ajin manya. Duk labarin da ke cikin takarda sai wani ya karanta mini, ya tsallake inda ya ga dama. Wannan kuwa labari ne ke zuwa gabana da ƙafarsa, da Hausar da nake ji, ba mai tsaya mini a tsakani. Mutum ya wuni yana ɗaukar bulo, kafaɗa na zogi, ya zo ya zauna ya ga wani mai barkwanci ya saci kaza ya ɓoye ta cikin babbar riga tana kuka yana tari don ya rufe kukan. Nakan yi dariya har hawaye. Rabon da in yi irin wannan dariya tun babana na da rai.

Da farko mun tsara abin da kyau: addu'a tukuna, sannan kallo. Amma 'ya'yan maƙwabta ba su san tsarinmu ba. Ana sallame magariba sai ka ji su a zaure, suna leƙe, suna tari. Mu muna kan tabarma, 'ya'yana uku bakinsu na amsawa idonsu na zaure. Ni ma na fara buɗewa da sauri, kalma na hawa kan kalma. Inna ta ce, "Wa ka korarka?" Na ce ba kowa. Sai muka rage daga kashi biyar zuwa biyu, da cewa sauran in an gama kallo. In an gama kallo kuwa Inna ta yi barci a zaune da carbin a hannu, matata ta zare shi ta kwantar da ita. Ga shi fina-finan nan ba su ƙarewa a faifai ɗaya. Sai an kai inda yarinya za ta gano wane ne mahaifinta, sai a ce a nemi na biyu. Mai ba da hayar faifai a Gummi kuma yana son kayansa su koma ran kasuwa, dole a kalla a kan lokaci.

Katakis ya ji labari. Ran da Fada ya zo, bayan an tashi daga coci muna zaune ƙarƙashin mangwaro ana cin tuwo, sai katakis ya kai ƙarata a gaban kowa.

"Fada, ga mai sabon wurin bauta nan. Shaiɗan ya shigo gidansa a kan babur, an lulluɓa mashi bargo don kar sanyi ya kama shi."

Aka yi dariya. Fada mutum ne mai son ƙwallo, da ƙaramar rediyonsa yake yawo. Ya tambaye ni abin da muke kallo, na gaya masa. Ya tambaya ko akwai abin da nake jin kunyar 'ya'yana su gani, na ce in an fara rawa matata takan tura shi gaba. Ya ce wa katakis, "Malam, Allah bai hana dariya ba. Shi ya yi ta. Ban ga Shaiɗan cikin ɓarawon kaza ba." Sannan ya juyo wurina, ya rage murya. "Amma baƙo in ya shigo gida, duba tabarmar da ya zauna. In tabarmar wani ce ya ɗauke, ko baƙon kirki ne sai a ce ya gusa. Tabarmar wa ya ɗauke a gidanka?"

Na sunkuyar da kai. Ya gane, bai ƙara ba.

Na koma gida da niyya mai kyau, na kuma riƙe ta na ɗan lokaci. Na hana a tayar da janareta sai an kai ƙarshen carbi. Sai damina ta kankama. Mu dawo daga gona jiki duk ya mutu, in na zauna kan tabarma ina buɗewa sai barci ya riƙa fizgata, amma in aka kunna akwati idona ya bushe sarai. Na ce matata ta riƙa buɗe mata. Ta yi kwana kaɗan, ga tuwo a wuta, ga aikin gida. Ta tura babbar 'yarmu. Ita kuma ta riƙa yi a tsaye, ƙafa ɗaya a waje.

"Ke wagga, kina buɗe addu'a ko kina kiran awaki?" in ji Inna.

"Kaka, ke ma ki zo ki gani mana. Yau za a kama mugun."

"Da wane idon? Ku kama shi ku kawo mani in taɓa."

Haka take mayar da komai wasa, shi ya sa muka samu wurin ɓuya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai in na wuce zan ɗauko mai, in gan ta zaune a ƙofar ɗaki, fuskarta na kallon inda take jin motsina, carbin a cinyarta, yatsanta a kan ƙwayar farko. Nakan ce, "Ina zuwa, Inna." Takan ce, "Awo."

Dabarar ta zo mini ne a wurin aiki, bayan an sare gero na koma gini a Anka. Wani lebura yana da rediyo mai kaset, yana ɗaukar muryar abokan aiki ana dariya. Na ce a raina, ai ga magani. Ina da irin wannan rediyon a gida. Washegari na taho da ita da sabon kaset da batir. Da rana ta take aka tafi cin abinci, na shiga wani ɗaki da ba a sa wa ƙofa ba tukuna, na zauna kan buhun siminti, na danna. Na yi alamar gicciye da baki. Na faɗi rabin farko, na yi shiru ina amsawa a zuciyata, na sake faɗi, na sake shiru. Haka har kashi biyar, da sauran addu'o'in da ke tsakani, kowace na bar mata gurbin amsa. Hankalina rabi na kan carbi, rabi na kan kaset kar ya ƙare, don haka ban ja shirun da tsawo ba. Na saurara daga baya na ji muryata tsaf, har da ƙarar guduma daga nesa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ɗauka na yi abin da ba wanda ya taɓa tunaninsa.

Na kai mata da yamma. Na manna ƙwayar dawa da ƙaro a kan maɓallin kunnawa don ta gane shi da taɓi. Na kama yatsanta na ɗora, ta danna. Muryata ta fito. Ta juyo wajena a razane, ta juya wajen rediyo.

"Wane na kai cikinku?"

"Duka ni na, Inna. Wanga ba ya gajiya, ba ya zuwa Anka. Ko da tsakar rana kika so, shina nan."

Ta kasa kunne. Kaset ya gama rabin farko ya tsaya jira, ba ta ce komai ba, ya ci gaba. A na biyun sai ta amsa, a hankali, kamar mai taka gadar da ba ta yarda da ita ba. Na tsaya har ta yi kashi ɗaya, na ga abu ya zauna, na sulale.

Daga nan gidan ya samu sauƙi. Ladan na kira sai ka ji ƙwas daga ɗakinta, muryata ta tashi, mu kuma mu ja igiyar janareta da zuciya fara. Ni ke canza mata batir, ban taɓa bari ya mutu ba, kuma ina lissafa wannan cikin biyayyata. Har na ba wasu mutanen coci labari. Wata mai tsohuwa irin tawa ta ce in yi mata nata.

Maƙwabcinmu malami ne mai karantar da Alƙur'ani, tare muka yi wasan ƙasa. Ba ya kallo, amma yakan zo bakin zaure ya kira 'ya'yansa in lokacin isha ya gabato. Wata rana ya tsaya ya kasa kunne.

"Magini, kai biyu na? Ga ka nan kana ƙyaƙyata, ga ka can kana ibada."

Na gaya masa dabarar, ina jiran ya yaba.

"Ikon Allah," ya ce. "Ku kun ci gaba. Mu har yanzu sai limami ya zo da ƙahwarsa." Ya kaɗa 'ya'yansa gaba, sannan ya waiwayo. "Tsohuwata ta ce kwanan nan in Inna ta zo ɗebe mata kewa, sai ta huta sau biyu kahin ta kai ƙohwa. Ka lura?"

Na ce tsufa ne. Ya ce, "Shi na," ya tafi.

Ban lura ba. Ina gaishe ta safe da yamma, ina kawo mata goro da tsire in na dawo daga Gummi, amma gaisuwa gajeruwa ce, ba a jin numfashin mutum a cikinta. Sanyi ya shigo ya wuce, zafi ya zo, wani azumin ya sake zagayowa, kaset na ta aiki.

Wata yamma faifai ya maƙale ana tsakiyar kallo, hoto ya tsaya, yara suka yi ca. Na tashi in ɗauko tsumma in goge shi. Igiyar shanya tana bayan ɗakin Inna, nesa da ƙarar janareta. Nan na ji. Muryata ta gama rabin farko. Inna ta fara amsawa, "Maryamu mai tsarki," ta tsaya ta ja numfashi mai ƙara kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi, ta ƙara kalma biyu, sai muryata ta hau kanta da sabuwar gaisuwa. Ta yi shiru ta jira. Ta sake farawa, wannan karon da sauri, tana haɗiye kalmomi, ta kai tsakiya, na sake tattake ta. A ta uku ba ta ma kai tsakiya ba. Sai na ji ta ce, ba da faɗa ba, da irin muryar da take lallashina ina yaro:

"Jira ni mana, ɗan nan. Jira in ƙarasa."

Muryata ba ta jira ba.

Na tsaya da tsumma a hannu. Shirun da na bar mata a kaset nawa ne: shirun mutum mai lafiya, mai huhun ɗaukar bulo, mai sauri don kada kaset ya ƙare. Babana ya yi shekaru yana buɗe mata, ni ma na yi, kuma ban taɓa sanin cewa mai buɗewa sauraro yake yi ba. Kunnenka ne ke jin ta sauke amin, sannan bakinka ya ɗauka. In ta yi tari ka dakata. In ta yi nauyi ka yi nauyi. Muna yin haka ba tare da mun san muna yi ba. Tun yaushe ta daina kai ƙarshen amsarta? Ban sani ba, kuma ban iya tambaya ba.

Na shiga na kashe rediyon. Ta ce, "Batir ya mutu?"

"Ni na, Inna."

"Wane?"

"Mai zuwa Anka."

Ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Na zauna a ƙasa, na karɓi bakin carbin na riƙe tare da ita, na buɗe. Ta amsa. Amsa ɗaya ta ɗauke ta lokacin da dā za ta yi uku. Na jira. Yara suka zo ƙofa suna cewa Baba faifan, na ce su kashe janareta. Kashi ɗaya kawai muka iya, ta ce ya isa haka.

Na yunƙura zan tashi, sai ta riƙe mini riga.

"Saura mutanena."

Sai a lokacin na tuna. A dā in an gama carbi akwai abin da ke biyo baya, wanda ba ya cikin littafin katakis. Inna takan kira matattunmu ɗaya bayan ɗaya, mu amsa mata, "Ubangiji ya ba shi hutawa," ko "ya ba ta hutawa." A nan ita ce mai buɗewa, mu ne masu amsawa. Takan fara daga babana, ta koma iyayenta, da 'yan'uwanta na wajen Zuru da ba mu taɓa gani ba, da 'ya'yanta da suka mutu kafin a yaye su, da wata mata da ta shayar da ita lokacin yunwa. Wasunsu sun mutu ba su taɓa ganin coci ba, amma takan ce Allah ya san inda ya aje su, namu dai roƙo. Tun lokacin da muka rage carbi zuwa kashi biyu wannan ya faɗi, ba wanda ya ɗaga shi. Da na yi kaset ko tuna shi ban yi ba. Ita kuma ba ta kiran suna in babu mai amsawa.

Ta kira babana, na amsa. Ta kira mahaifiyarta da mahaifinta, na amsa. Ta kira ƙanina da ƙyanda ta ɗauke. Ta ƙara uku. Sai ta tsaya. Leɓɓanta na motsi, yatsunta na lissafi a kan cinya.

"Akwai mai bi ma wanga. Doguwa, mai tsaga nan." Ta taɓa kumatunta. "Kai ba ka riƙe ba?"

Ban riƙe ba. Shekara da shekaru ina amsawa, amma amsa kawai nake yi, sunayen na wucewa ta kunnena kamar ruwa a kan dutse. Sunaye ne na can, ba irin waɗanda muke sawa yanzu ba. Na kira matata, ta tuno ɗaya. Inna ta yi ta ƙoƙari har gumi ya tsatso mata. Daga ƙarshe ta ce, "To, da sauran." Na ce Ubangiji ya ba su hutawa.

Da Fada ya zo kafin Ista na durƙusa gabansa a bayan coci na faɗi duka. Na tambaye shi ko addu'o'in da ta yi da kaset sun karɓu, tunda ba ta kai ƙarshensu. Ya ce, "Nata ba ni da shakka a kai, ko kalma ɗaya ta faɗa. Allah ba kaset ba ne, yana jira. Kai dai ne ka yi addu'a sau ɗaya a kan buhun siminti, ka yi ta cin bashinta." Bai ce in fasa akwati ba. Ya ce in zauna da ita, in kuma roƙi Allah ya koya mini sanin lokacin da abu ya isa. Na tambaye shi batun sunayen. Ya ce Allah bai manta ko ɗaya ba. Na yarda da wannan har yau. Amma ba Allah ne aka ba amanar kiransu a ƙofar ɗakin nan ba.

Na riƙa zama da ita bayan haka, ba kullum ba, don aikin Anka yakan kwanar da ni, wani lokacin kuma, gaskiya, nakan ji dariya daga tsakar gida hankalina ya rabu. Matata takan zo ta zauna in ta sauke tukunya. Yara ba su dawo ba. In na tilasta musu sukan zauna kamar an ɗaure su, ƙaramin ma bai san inda ake shiga da amsa ba. Kowace yamma Inna takan gwada sunayen. Wata rana ɗaya ya faɗo mata tana cin tuwo, ta ƙwala mini kira daga ɗaki, na zo da gudu na ɗauka wani abu ne ya same ta. Ta faɗe shi sau uku, ta ce in riƙe. Shi ne na ƙarshe da ya dawo. Mun kai ta asibiti a Gummi suka ce zuciya ce ta gaji. Ta rasu farkon damina, ana shuka. Malam maƙwabcinmu da mutanensa suka taya mu haƙa kabari, suka koma gefe suka tsaya har katakis ya gama.

Matata ta ce Inna takan ƙirga mutanenta da yatsun hannu sau biyu, saura ɗaya ya cika. Goma sha tara ke nan. Bakwai ta kira da kanta ranar, matata ta tuno ɗaya, ɗaya ya dawo daga baya. Tara gare mu, da ita goma, su nake kira yanzu in na samu mai amsa mini. Goma sun tafi, kuma na je har wajen Zuru na tambaya, ba wanda ya rage da ya san su. A cikinsu akwai 'ya'yan cikinta biyu, ƙannena, da matar da ta shayar da ita. Taron magariba na gidanmu ya tafi. Cikin 'ya'yana uku, ɗaya ce ke jan carbi.